Taraktar da Ba Ta Komawa Baya

"Baba Gado, don Allah janye ragunan nan," in ji Kalibu makanike, yana tsaye a tsakar gida da jakar kayan aiki a kafaɗa. "Wannan ba komin dusa ba ne, cokalin inji ne."

Tsoho Gado bai ko ɗaga kai ba. Yana tsugune yana dama dusa cikin wani ƙaton cokalin ƙarfe mai haƙora huɗu, raguna uku sun tusa kai ciki.

"Shekara guda da rabi yana nan, ba wanda ya ce mini inji ne. Komite ya ba ni ajiya, na ajiye. Bari su ƙare kalaci."

Kalibu ya tsaya yana kallon raguna suna cin abinci a natse, zuciyarsa na tafasa. Wannan ne gida na tara da ya shiga tun da gari ya waye.

Ga yadda abin ya faru. Turawan wani poroje, wato shirin taimakon manoma, ne suka kawo wa koperatif ɗin manoman rani na Jiratawa hannun haƙa, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya, cikin akwatuna bakwai. Kafin a buɗe akwatunan ƙasa ta rikice da yajin aiki, poroje ya naɗe tabarmarsa, Baturen da zai haɗa injin ya hau jirgi. Lokacin kuwa demokaraɗiyya na tashe, koperatif ta dare gida biyu, 'yan jam'iyyar Fitila da 'yan jam'iyyar Tulu. Shugaba, Maman Lawali, ɗan Fitila ne. Sakatare, Jibo, ɗan Tulu ne. 'Yan Tulu suka ce in aka kulle injin a mangaza, wato ɗakin ajiyar koperatif, makulli yana aljihun shugaba, to Fitila ta cinye ke nan. Aka yi zama huɗu, sai komite ya yi wa injin abin da ake yi wa naman watanda. Aka kasa, kowa ya ɗauki kashinsa ya kai gida.

Shi Kalibu ba Fitila ba Tulu. Garejinsa yana Sabon Gari cikin Maradi, ikilisiyar da yake dattijo a cikinta tana Tibiri inda aka haife shi, gonarsa kuwa tana nan Jiratawa, ita ce ta can ƙarshen kanal. Ruwan daminar bara ya kwaso yashi ya cike kanal ɗin, tsawon taki ɗari da hamsin, daidai kafin a kai gonarsa. Na sama suna samun ruwansu, me ya dame su? In ya ce a yi gayya a kwashe, sai a ce, "Da hannu? Ga inji an kawo mana?" In ya ce to a haɗa injin, sai a ce sai komite ya zauna. Maƙwabtansa uku suka gaji suka tafi ci-rani Najeriya. Shi da matarsa Tamara suka yi taurin kai suka dasa albasa, suna ba ta ruwa da bokiti daga wani rami, har ramin ya ƙafe kwana huɗu da suka wuce. Albasar nan ita ce abincin gidansu na bana, don tun da darajar kuɗi ta faɗi gareji ya koma wurin hira. Jiya da ƙyar komite ya sa hannu a haɗa injin. Yau ce ranar ruwan sashensu, in ta wuce sai bayan kwana goma sha biyu, ita kuwa albasa ba za ta kai uku ba.

Da hantsi kayan suka haɗu a bakin kanal, inda yashin ya fara. Tiyon mai an kwance su daga gidan wata mata da ke shanya a kansu. Kujerar a rumfar wanzami aka samo ta, ta sha gashi. Ƙusa guda babba ta ɓata sam, sai Kalibu ya yanko guntun ƙarfen amalanke ya goge shi ya zama ƙusa. Ya fara ɗaura gindin injin a ƙugiyoyi uku na bayan tarakta, ya sa ƙafafu biyu da ake saukewa su dafe ƙasa, ya jona famfon mai da sandar da ke juyawa a bayan tarakta. Wannan duk ya sani. Da aka zo kan tiyo goma sha biyu, wanne ke shiga wane baki, ya ce a ba shi littafi.

To, nan fa. Littafin ma an raba shi. Ba kuma rabin farko da rabin ƙarshe ba, don an ce wani sashen zai fi wani hotuna. Aka sa almakashi aka yanke shi ta tsakiya, saman kowane shafi na wurin shugaba, ƙasansa na wurin sakatare. Rubutun ciki kuwa ko mushen lakwal, malamin makarantar garin, ya duba ya ce wannan ba Faransanci ba ne.

"Shugaba, ku matso kusa da juna mana, in haɗa hoton," in ji Kalibu.

"Ni? In tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanga?" Maman Lawali ya gyara babbar rigarsa. "A ce an gan mu? Malam Kalibu, kai ba ka san siyasa ba."

"Ni ma ban roƙa ba," in ji Jibo daga ɗaya gefen tarakta. "Nawa rabin yana nan. Mai so ya zo."

Haka aka yi. Kalibu ya duba saman tiyo wurin shugaba, ya riƙe a ka, ya zagaya tarakta da sauri kafin ya manta, ya duba ƙasansa wurin sakatare, ya dawo ya ɗaure. Sau goma sha biyu, ban da ukun da ya manta a hanya. Mutum goma suka ɗaga dantsen injin, ya buga ƙusa. Aka ɗaga hannun, ya buga ƙusa. Aka kawo cokali yana warin dusa, Gado na biye da shi yana cewa a yi masa a hankali. Ya shafe kowace gaɓa da giris, ya cika tankin mai, ya tada tarakta.

Kai, abin ya yi kyau! Ya jera tarakta a kan gaɓar kanal, hancinta na kallon ƙarshen gonaki, ya sauke ƙafafun, ya hau kujerar da ke kallon baya. Sanduna biyu ne a gabansa. Ya taɓa ta hagu, hannun ya ɗaga ya juya kan kanal. Ya taɓa ta dama, cokali ya buɗe baki ya ciji yashi. Ya haɗa su biyun a hankali, sai ga yashi cike da cokali ya tashi sama ya zube a gefe. Jama'a suka ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa. Kalibu ya ji daɗi har ƙwalla ta cika masa ido. Ya lissafa a ransa, kafin la'asar ya gama. Ya kwashe cokali na biyu, ya kwashe na uku.

"Tsaya!" Jibo ne, ya ɗaga rabin littafinsa sama. "Guɗar nan ta wa ce?"

Ya juyo wajen jama'a.

"Ina tambaya ne. Gobe in an ce an haƙe kanal, wa za a ce ya haƙe? Koperatif. Wa ke shugaban koperatif? Ka gani? Mu aka mayar 'yan kallo."

"Ni ne nake haƙa, Sakatare," in ji Kalibu. "Ni kuwa ba ni da jam'iyya."

"Shi ne matsalar," in ji Maman Lawali, wanda ya hango cewa in aka bar Kalibu a kai, guɗar ba ta kowa ba ce. "Aiki irin wanga ba a barinsa ba suna. Sanda nawa ne can?"

"Biyu."

"Madalla! Bature ma ya san da zaman mu."

Kalibu ya yi bayani, ya sake yi. Ya ce sandunan biyu ne amma kai ɗaya suke so, kamar yadda mai tuƙa tuwo ba ta ba wata muciya ita ta riƙe tukunya. Ya ce su bar shi ya gama, in ya so su hau a ɗauke su hoto. Aka ce a kaɗa ƙuri'a. Hannuwa suka tashi, Fitila da Tulu gaba ɗaya. Tun da aka kafa jam'iyyun nan ba su taɓa yarda da abu guda ba sai yau, a kan albasar bawan Allah.

Kujera ɗaya ce, sai kowa ya ɗora rabin mazauninsa. Shugaba ya kama ta hagu, sakatare ya kama ta dama, kowa ya kau da fuska. Aka tura Kalibu kujerar gaba ya riƙe inji.

"Shugaba, ɗaga a hankali! Sakatare, kai jira!"

"In jira shi? Kullum mu ke jira!"

Hannun ya tashi kamar an tsikare shi, ya yi lilo, jama'a suka watse. Cokali ya buɗe ya rufe a iska, ba abin da ya kama. Ya sauko ya tsinke hular wani, ya wuce. Sannan ya tafi can ya kafa haƙoransa a gaɓar tsallake, cikin saiwar itace. Shugaba ya danna ƙasa da ƙarfinsa, sakatare ya ja da nasa, kowa yana nufin ya nuna wa ɗan'uwansa. Itace bai motsa ba. Tarakta ce ta motsa. Gaɓar da ke ƙarƙashin ƙafarta ta rufta, ta zame a karkace, ta sulala, ta dira cikin kanal rijif a kan tayoyinta huɗu. Tiyo guda ya fashe, ya yi wa shugaba da sakatare wanka da baƙin mai daidai wa daida.

"Inna lillahi!" in ji jama'a.

Ba wanda ya ji ciwo. Kalibu ya kashe inji, ya sauko ya duba. Hannun ya mutu, sai an samo tiyo a Maradi, shi ma in akwai. Ya sa aka tattaro shi aka ɗaure da igiya a jikin tarakta. Ya zauna a kan taya. Shi ke nan, albasa ta tafi.

Sai wani ya ce, "Jama'a, ruwa fa!"

An tada famfo tun azahar, ruwa yana bin gonakin sama ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar zai iso nan, ya tarar da yashi ya tare, ya taru, ya haɗiye tarakta har wuya. Ita ce kuwa taraktar da ke yi wa kowa huɗa, Fitila da Tulu. A kashe famfo? Mai gadin famfo ba ya kashewa sai da takarda mai sa hannu biyu, ga masu gonakin sama sun rantse duk wanda ya taɓa musu ruwa sai an kwana a jandarmari.

Maman Lawali ya share mai daga gemu. Muryarsa ta yi laushi.

"Malam Kalibu, kai ne masani. Ta ina za a fidda ta?"

Kalibu ya tashi ya duba baya. Taki goma kacal, ga mashigar shanu, inda gaɓa ta kwanta. A sa ta baya, minti biyu ta fita. Ya duba gaba. Hancin tarakta ya tokari tudun yashi, taki ɗari da hamsin, mai laushi har gwiwa, wanda in ta hau sai ta nutse. Can ƙarshensa akwai wata mashigar, a bakin gonarsa. A kan gaɓa kuwa ga Tamara tsaye da bokiti wanda ba komai ciki. Tun safe take yawo da shi, ta rasa inda za ta ajiye.

Shekara ashirin da biyu yana taɓa inji bai taɓa cewa abu ya mutu alhali yana da rai ba. Alhazan Maradi kan wuce garejoji biyar su kawo masa kamiyo, manyan motocinsu na kaya, saboda wannan. A kasuwar kayan mota, in gardama ta yi tsanani, cewa ake a kira Kiristan nan na Sabon Gari ya faɗi. Gabansa ya faɗi tun kafin ya buɗe baki.

"Ba ta komawa baya," ya ce.

"Kamar yaya?"

"In hannun yana ɗaure a jikinta, ba ta komawa baya. Haka Bature ya yi ta. Gaba kawai." Ya nuna da haɓa. "Sai an kwashe yashin nan har ƙasa mai tauri, ta bi ta fita can."

Jibo ya buɗe rabin littafinsa ya juya shafuka, ya rufe. Kalibu ne ya faɗa, magana ta ƙare.

"'Yan Fitila!" Maman Lawali ya tuɓe babbar riga ya yar. "Ku ɗauko shebur! Kada a ce taraktar talakawa ta nutse a zamaninmu!"

"'Yan Tulu, kun ji?" in ji Jibo. "Su suka jefa ta, mu za mu fidda ta!"

Ikon Allah! Mutanen da suka yi wata biyar suna cewa hannunsu ba na yashi ba ne. Kafin ka ce me, an kwaso shebur da fartanya da kwanon sarki da buhu. Fitila suka kama hagu, Tulu suka kama dama, aka ja layi a tsakiya da sanda don kada wani ya ci yashin wani. In Tulu suka wuce da taki biyu, sai shugaba ya yi ihu, Fitila su zabura. Mata suna kwasa da kwanoni suna zubarwa, suna yi wa juna habaici. Kalibu yana bisa tarakta yana bin su taki-taki, ba shi da aiki sai kallon bayan mutane yana zubar da gumi. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

Da aka kai rabi, tsoho Gado ya dafa tayar gaba yana haki. Fartanya ta sare masa yatsan ƙafa, ya ɗaure da tsumma, jini ya rine shi.

"Baba, hau ka huta. Don Allah bar shi haka."

"In huta ruwa ya ci ta?" Gado ya tofar da yawu a tafi. "Da wani ne ya ce ba ta baya, ɗan nan, wallahi sai na ce a gwada. Amma kai ne."

Ya koma layi yana ɗingishi. Kalibu ya kai hannu kan sandar giya, ya riƙe ta, ya buɗe baki. Sai ga ihu daga baya, "Ga shi nan! Ruwa ya iso!" Ya waiga. Harshen ruwa ne ja, yana tafe a hankali cikin sabon kanal yana tura karmami, yana bin sawun tayoyinsa. Ya rufe bakinsa.

Taki talatin na ƙarshe da ruwa a idon sawu aka haƙa su, ba Fitila ba Tulu, layin tsakiya ya narke. Tarakta ta kama mashiga, ta yi gurnani, aka tura ta, ta hau tudu. Ruwa ya wuce ta ƙarƙashinta ya miƙe. Jama'a suka zube a ƙasa suna dariya suna duba kantar hannu, shugaba da sakatare kowa yana gaya wa nasa mutanen cewa ɓangarensu ne ya fara isa.

Sai dai mashigar ta fito ne daidai gaban wani ƙaton itacen bedi. Tarakta ta tsaya hancinta na shafar kututture. Hanya tana dama. Taki biyu za ta ja baya, ta karya kai, ta kama hanyar mangaza. Ƙafar Kalibu ta riga ta taka, hannunsa ya riga ya tafi inda ya saba, sannan ya tuna. Mutum saba'in suna zaune a gabansa, da yashi har gira.

"To yanzu fa, Malam Kalibu?" in ji Maman Lawali. "A sare itacen?"

Kalibu ya murɗa makulli, inji ya yi shiru.

"A bar shi yau, Shugaba. Man gazuwal ma ya ƙare."

"Ka gani? Allah ya taimake mu ba a cikin kanal ya ƙare ba."

Ya sauko. Abin da ya tsorata shi, wannan karon gabansa ko faɗuwa bai yi ba. Ƙaryar ta fito sumul, ba gargada.

Tamara ta riga ta fasa bakin fangali na farko. Ya karɓi fartanya ya fasa na biyu. Ruwa ya shiga tsakanin albasar da ta kwanta, ƙasa tana sha tana ƙara. Ya tsaya ciki da takalminsa, murna da nauyin zuciya suka haɗu masa wuri guda. Suka ba fangali shida ruwa.

"Baban Abigail," in ji Tamara, ba ta dube shi ba. "Ni na riƙe maka mazurari da safe. Jarka biyu ka zuba mata."

"Na sani."

"To gobe me za ka ce musu?"

"Gobe Lahadi ce. Ba na taɓa inji."

Ta toshe bakin fangalin da laka, ta danna da ƙafa, ta matsa na gaba.

"Na san Lahadi ce," ta ce. "Kai ne da wa'azi."